Lissafin Faifan Gulbi

Ni ke riƙe da littafin.
Yayana Barmu ke riƙe da na'ura.
Neino ba ya riƙe komai sai sakso,
ƙahon tagulla da ya sayo a Kwatano da kuɗin rago biyu,
ya ɗaure masa wuya da robar keke.

Ɗakin yana bayan shagon gyaran rediyo, a Mokoyo.
Da kwalin ƙwai muka lulluɓe bango,
har yau in zafi ya taso
kiɗan kan fito da ƙarni.

Arba'in da uku, bana kaɗai.
Faifai arba'in da uku, tun kafin shuka har aka ɗaure gero.
Neino ba ya maimaita busa.
Ya ce abin da ya bar huhu ya tafi,
ba a mai da hayaƙi cikin itace.
Ba amshi, ba kirari, ba sunan wani Alhaji a ciki.
Mai kalangu na bin tasa hanyar, mai gurmi na bin tasa,
su haɗu can gaba
kamar ƴan kabu-kabu a mararrabar babbar kasuwa,
kowa na ihu, ba wanda ya gogi wani.

Ga abin da na rubuta da jan biro:
wuta, jika tara.
Man gurup, ranakun da wuta ta ƙi, jika shida da rabi.
Faifai fanko ɗari, daga Kano ta Ɗan Isa,
da abin da aka bari a hannun masu shinge.
Shayin mai kalangu. Cire haƙorin mai kalangu.
Hoton bango, inda mai bugawa ya juya Neino ya koma bahago.

Na shuɗin biro ba shi da tsawo.
Wani malamin lise ya ɗauki biyu, ya biya ɗaya.
Wata mata daga ƙasar sanyi, ba mu taɓa ganinta ba,
ta aiko a ba ta biyar,
gidan waya ya cinye huɗu.
Yaran kasuwa masu ɗura waƙa a katin salula
suka kwashe duka, dala ashirin har da gyara,
sannan suka dawo mana da ƙorafi,
wai masu saye sun ce katin ya lalace,
wai akuya ake yankawa a ciki.

Giɓin, ni na san inda yake cikewa.
A turmina yake cikewa.
Kowace kwalbar man gyaɗa da na matse da asuba
minti uku ce ta busar Neino.
Na auna. Tiya goma, faifai guda.
Unguwar nan duk ta sha jaz a miya ba ta sani ba.

Barmu ya ce mu rage, huɗu a shekara sun isa,
abin da ya cika kasuwa ba ya tsada.
Neino ya ce, to zaɓi,
wace rana ce za ka ce ban yi numfashi ba?
Ni dai ina ƙirga kwalabe.

Daren Talata, tsakiyar na arba'in da huɗu, wuta ta ɗauke.
Gurup ba mai. Jan idon na'ura ya rufe.
Ba wanda ya faɗa masa.
Ya ci gaba a duhu, rabin awa ko fiye,
busar ta yi ta saukowa, ƙasa, ƙasa,
har ta koma numfashin tsohuwarmu a watanta na ƙarshe,
mai ja, ya tsaya, ka ce shi ke nan, ya sake ja.
Ni da ban taɓa zama na saurara ba
sai ga ni a bakin ƙofa,
ludayi a hannu, mai na ɗiga a kan ƙafata.

Da safe Barmu ya ce kar in sa shi, babu shi.
Na sa shi.
Lamba arba'in da huɗu.
An kashe: mai, rabin ludayi.
An sayar: nan na bar wurin fari,
na rufe littafin, na tafi suyar gyaɗa.